Wadanci: tambayoyin da ake yi mini tun da aka haifi ɗiyar ƙanwata

Shekara bakwai ke nan da ƙanwata ta haifi ɗiya mace a nan birnin Katsina. Ranar suna mata na karɓar jaririya suna sa albarka, ni kuwa ina bakin ƙofa ina raba waina, kunnena na tsintar ƙus-ƙus: "Kan nan bai yi girma ba kuwa?" "Dubi hannuwan, ko ƙugunta ba su kai ba." Mai jego ta ji, ta sunkuyar da kai, ranar ko ruwan kunu bai ƙara shiga cikinta ba. Sai da yarinya ta yi wata huɗu muka ji sunan abin daga bakin likitan yara: akondroplasiya, nau'in wadancin da ya fi kowanne yawa a duniya.

Ni malamar makaranta ce, ba likita ba. Tambayoyin nan dangi da maƙwabta da iyayen yara ne suka yi mini su, amsoshin kuma na tattaro su daga bayanin likitoci, da karatun da na yi, da abin da idona ya gani a cikin gida.

Shin cuta ce, ko kuwa halitta?

Halitta ce da ta shafi yadda ƙashi ke girma. Dogayen ƙasusuwan yaro, na cinya da ƙwauri da damtse, suna da guringuntsi a kusa da bakin kowannensu. Wannan guringuntsi ne ke ƙaruwa yana rikiɗa ƙashi, da haka yaro ke yin tsawo har ya gama girma. A jikin kowane ɗan Adam akwai wata ƙwayar gado, ana kiranta FGFR3, aikinta ta riƙa taka wa wannan girma birki don kada ya wuce kima. Ga mai akondroplasiya, birkin ne ya kama ya ƙi saki. A 1994 masana suka gano haka, kuma abin mamaki, kusan duk masu shi a duniya canjin a wuri guda tak yake a cikin ƙwayar.

Shi ya sa siffar take iri ɗaya ko a Daura ko a Sin: gangar jiki kusan daidai da ta kowa, damtse da cinya gajeru, kai babba, goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, yatsu gajeru da ɗan rata tsakanin na tsakiya da mai bi masa. Namiji kan tsaya wajen santimita 131, mace wajen 124. Ana samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 25,000. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, ka ga ko da wancan tsohon lissafi muna da sama da mutum 200 a jihar nan.

Gwaggonmu ta ce uwar ce ta riƙa fita da magariba tana da ciki. Da gaske ne?

A'a. Wannan tambaya ita ta fi ci mini rai, don na ga abin da ta yi wa ƙanwata. An ce ta yi wanka a waje da dare. An ce ta yi wa wani wada dariya a kasuwa. An ce aljanu sun musanya mata ɗiya, har wata tsohuwa ta furta kalmar "ɗan ruwa" a gabanta. Wata biyu tana kuka a ɓoye tana lissafin duk inda ta taka da cikin.

Babu abin da mai ciki za ta ci, ko ta sha, ko ta gani, ko ta tsallake, da zai jawo wannan. Tun ranar da ciki ya shiga an riga an gama, domin canjin yana cikin ƙwayar da aka halicci yaron da ita. Yara takwas cikin goma masu akondroplasiya iyayensu masu tsawo ne kamar kowa, kuma babu wada a danginsu gaba da baya. Canjin sabo ne, haka nan yake faruwa. Bincike ya nuna wannan sabon canji ta ƙwayar uba yake zuwa, kuma ya ɗan fi faruwa idan uban ya haura shekara 35. Ban kawo wannan don a sauke laifi daga kan uwa a ɗora wa uba ba, shi ma bai aikata komai ba, kuma dubban dattawa na haihuwar 'ya'ya dogaye kullum. Na kawo shi ne saboda gidajen da aka saki mace a kan abin da ko ta jininta bai biyo ba.

Auren zumunci na kawo shi? Gwajin jinin da ake yi kafin aure zai nuna?

Wannan nau'in ba ruwansa da auren zumunci. Ba kamar sikila yake ba, wadda sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da tasa ƙwayar. Nan ƙwaya ɗaya ta isa, kuma ba ta ɓuya: mai ita za a gan shi da siffar, wanda ba shi da siffar ba ya ɗauke da ita. Gwajin AA da AS kuwa na jini ne, bai leƙa ƙashi ba.

Sai dai lalurorin girman ƙashi na gado sun haura iri 400, kuma a cikinsu akwai waɗanda sai iyaye biyu sun haɗu, su kam auren dangi na ƙara yiwuwarsu. Idan iyaye dogaye suka haifi yara biyu ko uku masu irin wannan gajarta, a faɗa wa likita, don da wuya a ce akondroplasiya ce.

Idan wada ya yi aure, 'ya'yansa duk wadanni za su zama?

Idan ɗaya ne cikin ma'aurata ke da shi, kowane ciki rabi da rabi ne: ko yaro ya gado, ko bai gado ba. Kowane ciki da nasa rabon, ba wai in na fari ya gado na biyu zai tsira ba.

Idan su biyun ne ke da shi, a kowane ciki akwai kashi 25 cikin 100 yaro ya zo da tsawo irin na kowa, kashi 50 ya zo kamar iyayensa, kashi 25 kuma ya gaji ƙwayar ta ɓangare biyu. Wannan na ƙarshen mai tsanani ne ƙwarai, ƙirjin jaririn kan yi ƙanƙanta har numfashi ya gagara, yawanci ba ya wuce watannin farko. Mutanenmu kan yi saurin cewa a haɗa wada da wada su rufa wa juna asiri. In suna son juna, Allah ya sanya alheri, amma haƙƙinsu ne su ji wannan lissafi daga bakin likita kafin a shafa fatiha.

Ta yaya zan gane ba tamowa ba ce ko rashin abinci?

Yaron da yunwa ta tsumbure ƙarami ne gaba ɗaya, hannu da ƙafa da jiki duk sun dace da juna. Haka wanda ke da ƙarancin sinadarin girma. Mai akondroplasiya kuwa, a zaunar da shi kusa da sa'ansa a kan tabarma, kusan kai ɗaya suke, sai sun miƙe bambancin ke fitowa.

Wanda aka fi rikita shi da shi a ƙasar nan shi ne riket, laushin ƙashin da ke lanƙwasa ƙafar yaro bayan ya fara tafiya, wuyan hannu ya kumbura. A Arewacin Najeriya rashin kalsiyam a abinci ne ya fi kawo shi, kuma yana jin magani sarai. Akwai kuma jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin tayiroyid, shi ma yana da magani mai sauƙi, kuma jinkiri na taɓa masa ƙwaƙwalwa. Saboda haka kada a zauna a gida a yanke hukunci da ido. Likita da hoton ƙashi su ke raba gardama.

Hankalinta fa?

Lafiya lau. Ƙashi abin ya taɓa, bai taɓa basira ba. Tamu tana aji biyu, ta fi yayyenta na ɗaki saurin hadda. Abin da kan makara shi ne riƙe wuya da zama da tafiya, saboda kai ya yi nauyi, gaɓoɓi kuma da sanyi. Da yawansu sai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu suke taka ƙasa, wasu ma su ɗan wuce. Tamu ba ta yi rarrafe irin na sauran yara ba, goshinta take kafawa a ƙasa ta turo da ƙafa.

To mene ne abin tsoro a ciki?

Nan nake so a tsaya a karanta da kyau, domin mutane tsawo suke kallo, alhali haɗarin yana wani wuri dabam.

A gindin ƙoƙon kai akwai wata kafa da lakar baya ke bi ta haɗu da ƙwaƙwalwa. Ƙashin wurin daga guringuntsi yake girma, don haka ga waɗannan jarirai kafar ƙarama ce. Daidai nan ne kuma cibiyar da ke sarrafa numfashi take. Idan wurin ya matse, ko kai ya riƙa leɓo gaba da baya, laka na iya dannuwa, kuma wannan na cikin abin da ke sa wasunsu mutuwar farat ɗaya a shekarar farko. Akasarinsu suna wucewa lafiya, kaɗan ne ke buƙatar tiyatar faɗaɗa wurin, amma sai an sa ido ake gane na kaɗan ɗin.

A garzaya asibiti idan aka ga numfashi na ɗaukewa cikin barci, ko leɓe ya canza launi, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko jariri ya daina abin da ya riga ya iya, ko ya riƙa shaƙewa wajen shan nono. Haka idan maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ga amai, ga yawan barci, kai kuma na girma da sauri, don ruwa kan taru a kan wasu. Girman kai shi kaɗai ba alamar ruwa ba ne, halittarsu ce. Abin da likita ke bi shi ne saurin girman, shi ya sa ake auna kan da tef kowane wata a shekarar farko, a kuma gwada da jadawalin masu akondroplasiya, ba katin awo na kowa da kowa ba.

Ana iya goya ta?

Ranar da likita ya ce wa ƙanwata ta rage goyo, Inna ta riƙe baki ta ce, "Likita, ɗan Bahaushe ba goyo, a ina zai yi barci?" Ya ɗauki yarinyar ya zaunar da ita a tafin hannunsa, ya nuna mana yadda tsakiyar bayanta ke turowa kamar ƙusumbi da zarar ta zauna. Yawancin jariran nan suna da wannan, kuma yana miƙewa da kansa idan sun fara tafiya, muddin ba a tilasta wa bayan ɗaukar nauyi da wuri ba.

Goyo da zani yana naɗe bayan jariri, in ya yi barci kuma kai ya faɗa baya yana lilo, uwa na daka ko shara ba ta gani. Abin da muka yi a watannin farko shi ne kwantar da ita a shimfiɗa mai ɗan tauri, a ɗauke ta da hannu ɗaya a ƙeya ɗaya a baya, a kifa ta a kan ciki idan idonta biyu ana kallonta don wuya ya yi ƙarfi. In goyon ya zama dole, na ɗan lokaci, majanyi ya tallafe har ƙeya. Mun hana a kafa ta cikin kwali ko tsakanin matasai don ta koyi zama, mun hana yara cilla ta sama. Babur kuwa ta daina hawa sam, ko Keke Napep sai a ƙirjin babba, hannu na riƙe da kanta, saboda ramukan hanya.

Tana minshari kamar babba. A kira wanzami ya cire mata beli?

Don Allah kada a kira shi. Minsharin daga ƙuncin hanyar iska yake, saboda tsakiyar fuskarsu a matse take, ga naman bayan hanci da na maƙogwaro da kan cika wurin. Yanke beli ba ya buɗe komai, sai zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ne mai wannan aiki, in ta kama a cire naman a asibiti, barci kan gyaru.

Kunne ma a kula da shi. Suna yawan ciwon kunne, ruwa kan kwanta a bayan dodon kunne ba tare da zafi ba, ji ya ragu, magana ta makara, sai a ce yaro ba ya ganewa alhali ji ne ba ya yi. A gwada jinsa tun yana jariri, a riƙa maimaitawa duk shekara har ya shiga makaranta.

Akwai maganin da zai ƙara mata tsawo?

Babu sassaƙe, babu rubutu, babu maganin ƙarin jini ko na kanti da zai saki wancan birki. Mun san gidan da aka sayar da tumaki biyu a kan wani garin magani, yaro bai ƙaru da komai ba sai gudawa. Allurar sinadarin girma ma amfaninta kaɗan ne a nan, don ba shi suka rasa ba.

A 2021 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka amince da wata allura mai suna Voxzogo, wadda ke rage ƙarfin birkin. Kullum ake yin ta, tsawon shekarun da yaro ke girma, kuma a gwajin da aka yi ta ƙara kimanin santimita ɗaya da rabi a shekara a kan abin da yaron zai yi da kansa. Ba ta aiki ga wanda ya gama girma. Farashinta da ta fito a Amurka ya haura dala dubu 300 a shekara. Duk wanda ya tare ku a Katsina ya ce yana da ita a jaka, ku riƙe kuɗinku.

Akwai kuma tiyatar jan ƙashi, wadda likitan Rasha Gabriyel Ilizarob ya shahara da ita: a yanke ƙashi, a ɗaura ƙarfe, a riƙa ja milimita ɗaya a rana sabon ƙashi na cike gurbin. Tana ƙara tsawo da gaske, amma watanni ne na ciwo da jinya, sau da yawa a maimaita. A ganina wannan shawara ce da mai jikin ya kamata ya girma ya sa baki a ciki.

Ƙafarta ta lanƙwashe kamar baka. Mai ɗori zai iya miƙar da ita?

Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba, ɗori ba shi da abin kamawa. Ɗaure ƙafa da karare na iya kashe jijiya. In lanƙwasar ba ta ciwo, ba ta sa faɗuwa, likitan ƙashi kan bi ta da kallo kawai. In ta yi yawa akwai tiyatar gyara. Gwiwar hannu ma ba ta miƙewa sarai, kada a ja ta da ƙarfi.

Wane asibiti za mu nufa?

A fara da likitan yara. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga kuma asibitin ƙashi na Janar Amadi Rimi. In ana buƙatar abin da ya fi haka akan tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya. Ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta awon kai da nauyi da duk abin da aka faɗa, don ba kullum za ku tarar da likita ɗaya ba. Rigakafi duka a yi mata kamar kowane yaro. Magani kuma da nauyinta ake auna shi, ba da shekarunta ba, a tuna wa mai kemis. In za a sa ta barci don tiyata, ko ta mece ce, a gaya wa mai sa barcin lalurarta tun da wuri saboda wuyan.

Me za mu gyara a gida da makaranta?

Ƙananan abubuwa ne. Kafinta ya yi mana 'yar kujerar taka guda uku, ɗaya gindin randa, ɗaya bakin gado, ɗaya ta tafi da ita aji tana ɗora ƙafa, don in ƙafa na lilo a benci baya ke ciwo. An sauko da sakatar banɗaki. Tsarki ya ba mu wuya, hannun ba ya kaiwa, sai uwar ta yi ta gwada mata tsuguno iri-iri da ƙaramar buta har ta iya da kanta kafin ta shiga makaranta, kuma wannan ya fi komai ɗaga mata kai. Tela ya gane da kansa: jikin riga na 'yar shekara bakwai, hannu na 'yar shekara uku.

A kula da ƙiba, don ɗan nauyi kaɗan yana wahalar da baya da gwiwa. Dangi na son cika mata ciki da alewa don tausayi, mun sha fama a kan wannan. Abin da ya fi wuya shi ne hana manya ɗaukarta kamar jaririya. Shekararta bakwai, a yi mata magana irin ta 'yar shekara bakwai, a aike ta, in ta yi laifi a tsawata mata.

Za ta yi aure ta haihu? Za ta yi tsawon rai?

Suna balaga a kan lokaci, suna ɗaukar ciki. Sai dai ƙugun a matse yake, haihuwa sai ta tiyata, saboda haka awo tun farkon ciki, kuma kada a gwada naƙuda a gida ko ungozoma ta ƙware.

Rai na hannun Allah, kuma da yawansu suna tsufa har su ga jikoki. Abin da ke damun manya shi ne ƙuncin hanyar laka a ƙasan baya: mutum ya yi 'yar tafiya ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, sai ya tsuguna ya ji sauƙi. In ta kai ga fitsari na kufcewa ko ƙafa na ja, maganar gaggawa ce. Hawan jini da ciwon zuciya ma a riƙa dubawa tun daga ƙuruciya.

Laifi ne a ce mata wada?

Kalmar Hausa ce, ni ma da ita na buɗe rubutun nan don a gane abin da nake nufi. Inda take zafi shi ne in ta maye gurbin suna, ko yara su bi mutum da ita a layi manya na dariya. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da laƙabi, kuma duk ɗan Islamiyya ya san labarin Abdullahi ɗan Mas'ud, da aka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Masu shirya finafinanmu da ba sa kiran wada sai in ana neman abin dariya, su ma su duba.

Ta fuskar doka, a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Mutumin da ya karya ta tarar naira dubu 100 ce ko ɗaurin wata shida, kamfani naira miliyan ɗaya, kuma ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ranar 25 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai a kan wadanci a duniya.

Ƙanwarki ta sake haihuwa kuwa?

Ta sake, har biyu. Ga iyaye masu tsawo irin na kowa, yiwuwar a maimaita bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Duk da haka a cikin da ya biyo bayanta ba ta yi barcin kirki ba sai da aka yi sikanin wata na bakwai, domin gajartar ƙashin ba ta cika fitowa a hoto ba sai ciki ya wuce wata shida. Duka maza ne. Babban tun yana shekara uku ya kamo ta a tsawo, yanzu ya wuce ta da tafin hannu. Shi ke miƙo mata kofi daga kan randa in kujerar ta yi nisa, ita ke riƙe kuɗin tara in za su makaranta, kuma Yaya yake ce mata.